Toktosun Baike, Wanda Ya Kifar da Tukunya a Bakin Jindi-Suu

Ƙarfe shida na safe, kafin ruwan shayina ya tafasa, nake jin takun dokinsa a kan tsakuwa. Ba na ko ɗaga kai. Na san zai tsaya a turken bayan rumfata, na san zai jima kafin ya sauko don gwiwarsa ta hagu sai an lallaɓa ta, na kuma san gaisuwar da zai yi. Yakan ce, "Gulayim, ruwa ya kwana lafiya." Wata rana kuma ya ce ruwa ya tashi da fushi. Kogin Jindi-Suu yake nufi. Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da shayi da soyayyen borsok, wato ƙananan curin fulawa irin fanke, a inda motoci ke tsayawa a gindin gandun nan na gwamnati, tafiyar sa'a ɗaya da rabi daga Bishkek, kuma ban taɓa jin Toktosun baike, kamar yadda muke kiran babban yaya a nan, ya fara ba ni labarin lafiyar jikinsa kafin ta kogi ba.

Kofi biyu yake sha, da madara, a tsaye. Ya cusa rabin gurasa a aljihun kwat, ya rataya guduma da buhuna uku a sirdi, ya kama hanyar sama. Gadoji uku ne tsakanin nan da inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, kuma kowace sai ya sauka ya taka katakonta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya bi wuraren da mutane suka yi shimfiɗa jiya, yana tsintar abin da suka bari. Da yamma ya sauko, buhunan sun cika, shi a ƙasa yana jan linzami, don ya ce dokin ma tsufa yake yi.

A takarda malamin daji ne. An ɗauke shi ne ya tsare itatuwan arca daga masu sara, ya tsare awakin dutse daga mafarauta. Amma a shekara talatin da huɗu da ya yi a kwazazzabon nan ya zama kafinta, ya zama mai shara, ya zama mai ɗaukar marasa lafiya, ya zama mai raba faɗan mashaya. Makon jiya ya ajiye aiki. Ni ma na gaji, hannuwana sun fara ƙin ɗaukar buta, kuma na ga idan ban rubuta abin da na gani ba, babu wanda zai rubuta.

Ba na ganin laifin mutanen birni da suke zuwa. Duk mako suna shaƙar hayaƙi, suna tsaye a layi, suna cunkushe a bas. Ranar Asabar su iso nan da raguna da dardumai da kiɗa, fuska a kumbure don gajiya, su kalli ƙanƙarar da ke kan duwatsu su sauke ajiyar zuciya. Haƙƙinsu ne. Da cinikinsu na ciyar da 'ya'yana. Sai dai ranar Litinin wurin yakan zama kamar kasuwa ta watse: kwalabe, leda, ƙasusuwa, ƙunzugun jarirai a gindin itace. Mutum ɗaya ne yake duƙawa ya kwashe.

A shekarun farko yana faɗa. Na sha jin muryarsa daga nan yana hana masu tsire sarar arca, itacen da kan yi shekara ɗari kafin ya kai tsawon mutum biyu. Wata shekara sai muka ji shiru. Ashe ya koma tara busassun itatuwan da ruwa ya kawo, yana faskarawa, yana jera su tsibi-tsibi a duk inda aka saba hura wuta. Na tambaye shi dalili. Ya ce ya gaji da faɗa ne kawai, faskare ya fi sauƙi, kuma wanda ya tarar da itace a ajiye ba ya neman gatari. Mutane na ɗauka gwamnati ce ke ajiyewa. Bai taɓa gyara musu ba.

Gadar tsakiya kuwa sau goma sha ɗaya ruwa yana tafiya da ita, sau goma sha ɗaya yana mayar da ita. Ofis kan aiko da ƙusa idan an tuna.

Orozali, direban bas ɗin da ke kawo mutane tun kafin in kafa rumfa, yana da labarin da ba ya gajiya da bayarwa. Wata mata mai jiki ta hau sama da takalmi mai tsini, ta karya idon sawu a inda doki ba ya iya wucewa. Toktosun baike ya goya ta sa'a uku. Orozali ya ce tun daga sama har ƙasa matar faɗa take yi masa, wai yana jijjiga ta, wai kwat ɗinsa warin doki yake yi, shi kuwa sai ya kira ta babbar yaya, ya ce, "To, eje, yi haƙuri, mun kusa." Da suka sa ta a mota, ya zauna a kan dutse ya fi rabin sa'a bai iya miƙewa ba. Daga ranar gwiwar ta fara.

Waɗannan duk ana ba da su ana dariya. Akwai wanda ba a dariya a kansa, kuma shi ina wurin.

Shekara bakwai da suka wuce, a watan Yuli, an yi kwana tara ana zafin da ban taɓa ji a nan ba. Ƙanƙarar sama tana ta narkewa, kogin ya yi jajur yana ruri. Ranar Lahadi wasu dangi su talatin suka zo yi wa mahaifiyarsu, Kalbubu apa, wato inna Kalbubu, walimar cika shekara tamanin. Babban ɗanta Sagin ne ya shirya komai, mutum mai fara'a, mai son a ci a ƙoshi. Suka zaɓi filin nan mai ciyawa da ke ƙasan gadar tsakiya, dab da ruwa, har Sagin ya gangaro da sabuwar motarsa ya buɗe ƙofofinta don a ji kiɗa. Tun da safe Toktosun baike ya ce musu tudu ya fi, suka ce sun ji, suka ci gaba da shimfiɗa. Sun saye borsok ɗina kaf, sun ce in ƙara soyawa in kai musu, shi ya sa wajen ƙarfe uku ina tsakiyarsu da kwano a hannu.

Sai na hango shi yana gangarowa a guje. Ban taɓa ganin ya sa dokin nan gudu ba. Ya tsaya a gefen darduma bai yi sallama ba, ya ce, "Ku tashi. Ku hau tudu yanzu. Ruwa ya toshe a sama."

Muka juya muka kalli kogi. Ya ragu. Duwatsun da ke nutse tun safe duk sun fito, a jiƙe suna sheƙi. Ni da na daɗe a nan na san kogi ba ya raguwa da tsakar zafi sai in wani abu ya tare shi, kuma abin da ya tare shi zai fashe. Su kuwa raguwar ce ta ba su dariya.

Sagin ya kira shi da sunan da muke girmama dattijo da shi, ya ce, "Aksakal, ruwan da ya janye ne zai cinye mu? Sauko ka zauna, yanzu za a sauke tukunya."

Wani daga baya ya ce ai ƙanshin ne ya sauko da tsoho daga dutse, a zuba masa nasa ya tafi. Aka sake dariya. Ya maimaita maganarsa sau biyu, yana nuna duwatsun, yana roƙonsu saboda yara. Mata biyu suka fara tattara takalma, mazansu suka ce su zauna, sai an ci.

Ya sauka daga doki. Babbar tukunyar ƙarfe na kan murhu, cike da dafa-dukar shinkafa da naman rago, abincin mutum talatin. Ya sa ƙafa ya kifar da ita.

Mu da ko gutsuren gurasa ya faɗi sai mun ɗauka mun ɗora a wuri mai tsayi, ga shinkafa tana kwarara cikin toka a gaban tsohuwar da aka taru dominta. Kiɗan mota na ci gaba da tashi. Kafin kowa ya motsa, ya sunkuya ya sungumi Kalbubu apa, wadda ba ta fi yarinya nauyi ba, ya ɗora ta a sirdi, ya haye bayanta ya nufi tudu.

Abin da roƙo bai yi ba, fushi ya yi. Maza suka bi shi suna zagi. Mata suka bi maza suna kuka, suna jan yara. Ni ma na jefar da kwano na bi. A wajen babban dutsen da ke saman hanya suka cim masa, don da gangan ya tsaya. Suka karɓe tsohuwar, suka fizgo shi ƙasa, suka rufe shi da duka. Ina ihu ina cewa ku bari, ba wanda ke ji na. Shi bai ɗaga hannu ba, ya dai rufe kansa.

Sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ƙarar ta biyo baya, irin ta manyan motoci masu juye duwatsu, amma ba ta tsayawa. Masu dukan suka saki. Kowa ya juya yana kallon sama, ban da Sagin, wanda ya juya yana kallon motarsa. Toktosun baike, daga kwance, ya kama ƙafar wandonsa. Na ga wannan da idona. Ya riƙe da hannu biyu yana cewa kada ka je. Sagin ya fizge ya gangara.

Ya kai motar. Ya ma shiga. Laka da duwatsu da itatuwa suka zo tsayin gida, suka shafe filin, da gadar, da dardumai, da komai. Ba a fi minti biyu ba. Mutum ashirin da tara suna tsaye a tudu, ni ce ta talatin, Toktosun baike na talatin da ɗaya, a ƙasa yana tofar da jini.

Masu aikin ceto sun zo, sun yi iya ƙoƙarinsu kwana huɗu, aka kira su wani wuri. Toktosun baike kuwa bai tsaya ba. Haƙarƙarinsa biyu sun karye, haƙora uku sun fita. Matarsa Burulkan, wadda muke kira jenge, wato matar yaya, ta ɗaure masa ƙirji da zane, kullum ya ɗauki sanda da shebur ya bi bakin kogi yana soka laka. Jenge ta ce ta yi kuka, ta ɓoye masa takalma, ya fita da na roba. A rana ta tara ya samo Sagin a mace, nisan kilomita shida a ƙasa. Ya naɗe shi da bargon sirdi, ya kawo shi nan bakin ƙofar gandu, ya zauna a gefensa har dangi suka iso.

Ɗaya daga cikin ƙannen mamacin ya ce masa da ya yi musu bayani kamar mutum, da Sagin ya fitar da motarsa a natse tun da wuri. Suka rubuta ƙara. Bayan wata guda takardar gargaɗi ta zo daga ofis, wai ya ci mutuncin baƙi. A makon ne kuma aka kafa allo a filin mai cewa an hana zama. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tafi gyaran gada.

Na so ya yi fushi. Da ya yi, da na ji sauƙi. Amma wata safiya cikin kaka, yana shan shayi, sai ya ce, "Gulayim, da na ƙara minti biyar ina lallashi fa?"

Na ce baike, babu minti biyar ɗin, kai ma ka sani.

Ya ce ya sani. Ya ce amma lissafin ba ya barin kansa, kuma har yau idan aka ajiye masa shinkafa sai ya ga wadda ya zubar. Tun daga lokacin magana ta ragu a bakinsa. Aiki bai ragu ba. Ya ƙara wani ma: duk ranar zafi, daga azahar zuwa la'asar, yana zaune a saman gadar sama yana kallon ruwa, da rediyon oba-oba a cinya.

Shekara ta zagayo, wata mota ta tsaya gaban rumfata, 'yar Kalbubu apa ta fito da ita tana riƙe da hannunta. Tsohuwar ta ƙara ƙanƙancewa. Ta ce mai dokin take nema. Na ce sai yamma. Ta ce za ta jira, ta kuwa jira sa'a biyar a kan bencina ba ta sha komai ba sai ruwan zafi. Ban san abin da ta zo da shi ba.

Da ya sauko ya gan ta, ya cire hula ya tsaya daga nesa. Ta yafito shi. Ya zo ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo.

Ta ce, "Ɗana, ka ɗauke ni ba ka tambaye ni ba. Da ka tambaye ni, da na ce ka bar ni ka ɗauki Sagin."

Ya ce, "Na sani, apa."

Sannan ta kwance ƙullin da ke cinyarta, ta fito da gurasar da ta gasa da hannunta, ta karya, ta miƙa masa rabi. Ta ce jikokinta goma sha ɗaya ne a kan tudun nan ranar, kuma yau da safe duk sun karya kumallo. Ta ce ba ta iya gode masa ba, zuciyarta ba ta kai nan ba, amma ba ta so ta mutu ba su ci gurasa tare ba. Suka ci. Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, muka shafa. Da motar ta tafi, ya shiga bayan rumfa ya jima yana kwance sirdi.

Ta rasu a hunturun shekarar. Sauran dangin ba wanda ya sake zuwa.

Shekarun bayan nan na ga yana tsufa a gabana. Baƙi sun ninka, hanya ta samu kwalta, buhuna uku sun zama biyar. Jenge ta ce idan ya dawo gida cire takalmi kaɗai yakan ɗauke shi rabin sa'a. 'Ya'yansa mata biyu suna birni, sun daɗe suna cewa ya bari. Yakan ce sai an samu wanda zai karɓa. An samu yanzu, mutumin kirki ne, mai hankali, amma kwazazzabo biyu aka haɗa masa, kuma ƙafa biyu gare shi kamar kowa.

Sallamar da aka yi masa a bakin ƙofa ba ta kai tsawon shan shayi ba. Takardar yabo, sabuwar farar hula, hoto. Babban jami'in da ya zo yana da wani taro. Da aka watse, jenge ta gaya mini abin da ya tsaya mini a rai: wai shekara talatin da huɗu, mijinta bai taɓa zama a kan darduma a cikin gandun nan ba. Ko sau ɗaya.

Ranar Lahadin da ta wuce na rufe rumfa. Ni da jenge da Orozali muka yi shimfiɗa a tudu, a inuwar arca, muka kawo shi a matsayin baƙo. Da farko ya zauna a takure kamar wanda ya zo ofishin likita, yana bin kowa da ido, yana cewa waccan wutar ta yi kusa da ciyawa. Jenge ta ce, "Malam, an sallame ka. Ci nama." Ya ci kaɗan. Ya sha shayi, a zaune wannan karon. Ya jingina da matashi yana kallon dutse, ya ce ashe daga nan haka yake da kyau. Kafin Orozali ya gama labarin da ya fara, mun ji numfashinsa ya canza.

Barci ya yi, tun azahar har rana ta karkata, baki a buɗe, hannu ɗaya a kan ciyawa. Jenge ta lulluɓe masa ƙafa ta zauna tana kore masa ƙuda. Akwai wasu matasa a ƙasa da mu da kiɗa mai ƙarfi. Orozali ya gangara ya yi musu magana, ban ji abin da ya ce ba, na dai ga sun ɗago sun kalli tudu, sai kiɗan ya mutu. Masu wucewa ta hanya suka riƙa rage murya ba tare da sun san ko wane ne ba.

Toktosun baike, kai ne ka yarda a tsane ka don a rayu. Kai ne ka san za a doke ka, ka tsaya a inda dukan zai tara su wuri ɗaya. Kai ne ka nemo gawar wanda ya fizge daga hannunka, ka kawo wa uwarsa abin da za ta binne. Kai ne ka duƙa sau dubbai a kan ƙazantar mutanen da ba su san sunanka ba, ba ka kuma taɓa ce mini su mugaye ne ba, sai dai ka ce sun gaji. Mai tsaron Jindi-Suu, mun ga aikinka. Ba mu da yawa, amma mun gani. Na gode, a madadin kaina da na yara goma sha ɗayan nan da suka girma ba su san wanda ya kai su tudu ba. Allah ya saka maka, ya sassauta wa gwiwarka, ya ɗauke maka lissafin minti biyar ɗin nan.

Ku kuma masu zuwa, ku ci gaba da zuwa, dutse na kowa ne. Abin da kuka hau da shi ku sauko da shi. Idan kun ga katakon gada ya saki, ku faɗa a ƙofa. Idan mai kula da wuri ya ce ku tashi, ku tashi da kwanonku a hannu, a yi gardamar a tudu. Kuma a duk inda kuke aiki, idan ranar ta zo da za ku zaɓa tsakanin a ji daɗinku da a tsira, ku tuna an taɓa yin wani a nan da ya zaɓa.

In kun hango wani dattijo da farar hula kwance a inuwa wata Lahadi, kada ku tashe shi don ku gaishe shi. Ku wuce a hankali. Ya daɗe bai huta ba.